Henry Shefflin: Sarkin da ya jingine sanda ya koma ƙauyensu

Maƙalar wannan mako za ta kai mu tsibirin Ailan da ke yammacin Birtaniya, mu ji tarihin wani gwani a wasan da yawancinmu ko a talabijin ba mu taɓa gani ba.

Ranar Laraba 25 ga Maris, 2015, 'yan jarida suka yi cincirindo a otal ɗin Langton da ke birnin Kilkenny, suna jiran wani ma'aikacin banki mai shekara 36 ya yi magana. Sunansa Henry Shefflin, amma mutanen ƙasarsa sun fi kiransa Sarki Henry. Da ya zauna sai ya tabbatar da abin da aka daɗe ana raɗe-raɗinsa: ya jingine sandarsa, ba zai ƙara sa rigar gundumar Kilkenny ba. A lokacin sau goma ke nan yana cin kofin ƙasa na wasan harlin, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa kafinsa, har yau kuma ba a samu wanda ya kamo shi ba. Shekara goma sha shida ya yi yana tara dubban 'yan kallo, amma ko sisi bai taɓa karɓa ba da sunan albashin wasa. Sai mun fahimci dalilin haka kafin mu gane abin da ritayarsa take nufi, da irin gadon da ya bari.

Wasan da kansa

Harlin ya yi kama da ƙwallon gora, sai dai ya fi shi sauri da haɗari, domin yawancin lokaci ƙwallon a sama take yawo. Kowane ɓangare mutum goma sha biyar ne, ana yin minti saba'in a fili mai tsawon da ya kai mita 145. Kowane ɗan wasa yana riƙe da sanda mai faɗin baki kamar ludayi, wadda ake sassaƙawa daga itacen wata bishiya da suke kira ash. Ƙwallon kuwa ƙarama ce mai tauri, an lulluɓe ta da fata, girmanta bai wuce na ƙwallon tanis ba. An yarda mutum ya cafke ta da hannu, amma ba zai yi taku fiye da huɗu da ita ba sai ya ɗora ta a bakin sanda ko ya buga. In ta shiga raga maki uku ne, in ta bi ta saman sandar raga a tsakanin dogayen turaku biyu maki ɗaya ne. Sai a shekarar 2010 aka wajabta wa kowa sa hular kwano mai kare fuska. Kafin nan, haƙora da yawa sun zube a filayen Ailan.

Wasan ya tsufa ƙwarai, har a tatsuniyoyinsu na dauri yana nan. Jaruminsu Cú Chulainn, in ji labarin, tun yana yaro ya kashe wani ƙaton kare da ƙwallon harlin. A 1366, lokacin da masu mulkin Ingila suka ga 'yan'uwansu da suka zauna a Ailan suna rikiɗewa suna zama 'yan ƙasa, sai suka kafa dokokin da suka hana su auren 'yan Ailan, da magana da harshensu, da buga wannan wasa. Abin dariyar shi ne, a Kilkenny aka zauna aka tsara waɗannan dokoki, garin da daga baya ya zama cibiyar wasan.

Zuwa ƙarni na 19 wasan ya kusa mutuwa, saboda yunwa da ƙaura da kuma yaɗuwar wasannin Ingila. Ranar 1 ga Nuwamba, 1884, wani malamin makaranta mai suna Michael Cusack da wasu 'yan tsirarun mutane suka haɗu a otal ɗin Hayes da ke garin Thurles suka kafa ƙungiyar raya wasannin gargajiya, wadda aka fi sani da GAA. Kishin ƙasa ne tushenta, shi ya sa ta yi tsauri. Har zuwa 1971 an hana 'ya'yanta buga ƙwallon ƙafa irin ta Ingila, ko ma zuwa kallo. A 1938 shugaban ƙasa kansa, Douglas Hyde, sai da aka cire shi daga cikin iyayen ƙungiyar don ya halarci wasan ƙwallon ƙafa.

Wannan haramci ya wuce, amma ginshiƙai biyu suna nan daram. Na farko, ba a biyan ɗan wasa albashi, illa kuɗin mota da ɗan tallafi. Na biyu, mutum yana buga wa ƙauyensu ne da gundumarsu, babu cinikin 'yan wasa. Wanda ya buga a gaban mutum 82,300 a filin Croke Park na Dublin ranar Lahadi, a cikin makon zai koma ajinsa in malami ne, ko gonarsa, ko teburinsa na banki. Christy Ring na gundumar Cork, wanda aka daɗe ana ɗauka a matsayin gwanin gwanaye, direban tankar mai ne. Sau takwas ya ci kofin ƙasa, ya rasu a watan Maris na 1979, wata biyu bayan haihuwar yaron da zai zo ya wuce shi.

Ɗan Ballyhale

An haifi Shefflin ranar 11 ga Janairu, 1979. Ƙauyensu Ballyhale ƙarami ne a kudancin gundumar Kilkenny, amma ya buɗi ido ya tarar da ƙungiyar ƙauyen, Shamrocks, tana tashe. An kafa ta a 1972, kuma da ƙarfin wasu 'yan gida ɗaya su bakwai, 'ya'yan gidan Fennelly, ta zama zakarar ƙungiyoyin ƙauyuka ta ƙasa baki ɗaya a 1981 da 1984 da 1990. Wato yaron bai je nesa neman abin koyi ba, maƙwabtansa ne. Daga nan ya shiga makarantar St Kieran's da ke birnin Kilkenny, wadda ta yi suna wajen ƙyanƙyashe 'yan wasa.

A 1999 ya fara buga wa gundumar, shekarar da sabon koci Brian Cody, shi ma malamin firamare, ya fara aiki. Sun kai wasan ƙarshe, Cork ta doke su da maki ɗaya tak, 13 da 12. Shekara ta zagayo suka lallasa Offaly, Shefflin ya ɗauki kofinsa na farko yana ɗan shekara 21. Suka ƙara a 2002 da 2003.

Shefflin dogo ne mai jan gashi, ba shi ne ya fi kowa gudu ba, kuma a wajen burge 'yan kallo da salo D.J. Carey da ya tarar a ƙungiyar ya fi shi. Abin da ya fifita shi shi ne natsuwa da karanta wasa. Shi ke buga bugun tazara, kuma ba kasafai yake ɓarar da ita ba ko da fili ya ɗauki ihu. In Cody ya ga wani gefe ya yi rauni, can yake tura shi. Sannan yana bin abokin hamayya ya ƙwato ƙwallo kamar yaron da yake neman gurbi, alhali shi ne tauraro. Idan babba ya duƙa yana aiki, ƙarami ba shi da bakin cewa ya gaji, kuma a kan wannan Cody ya gina ƙungiyarsa.

Daga 2006 zuwa 2009 Kilkenny ta ci kofin sau huɗu a jere. A 2008 ta yi wa Waterford cin kaca, maki 39 da 16. A 2009 kuwa da ƙyar aka sha. Tipperary, maƙwabciya kuma babbar abokiyar gaba, tana gaba da maki biyu saura 'yan mintoci, sai alƙalin wasa ya ba Kilkenny fanareti, hukuncin da har yau 'yan Tipperary ba su haɗiye ba. Shefflin ya narka ta a raga, kafin a farfaɗo Martin Comerford ya ƙara wata. Da wannan suka kamo tarihin da Cork ta su Christy Ring ta kafa daga 1941 zuwa 1944. Saura na biyar, wanda ba a taɓa yi ba.

Gwiwa

Tun a wasan ƙarshe na 2007, lokacin yana kyaftin, jijiyar da ke riƙe gwiwarsa ta tsinke. Bai dawo bayan hutun rabin lokaci ba, da ɗingishi ya hau ya ɗaga kofi. Aka yi masa tiyata, ya yi watanni yana jinya, ya dawo.

A watan Agusta na 2010, a wasan dab da na ƙarshe da Cork, ya sake gamuwa da irin wannan rauni. A ƙa'ida sai an yi tiyata an huta wata da watanni, ga shi wasan ƙarshe saura mako huɗu. Maimakon ya haƙura, sai ya tafi Limerick wajen wani ƙwararren mai gashin ƙashi, Gerard Hartmann, suka duƙufa ƙarfafa naman da ke kewaye da gwiwar, ko zai riƙe ta ba tare da jijiyar ba. Ranar da ya dawo atisaye a filin Nowlan Park, dubban mutane suka je don kawai su ga yadda yake taka ƙafa.

Ranar 5 ga Satumba aka sa shi cikin masu farawa. Ana yayyafi, fili da santsi. Minti goma sha uku da take wasa gwiwar ta ƙi, aka fitar da shi. Lar Corbett na Tipperary ya zura ƙwallo uku a raga, aka tashi 29 da 21. Nasara 21 a jere da Kilkenny ta yi a gasar ta tsaya nan, mafarkin na biyar ya rushe.

Har yanzu ana muhawara a kan wannan rana. Wasu na ganin ganganci ne a fara da mai rauni, domin fitarsa da wuri ta karya gwiwar 'yan'uwansa ta kuma ƙara wa abokan hamayya ƙarfi. Wasu na cewa babu kocin da zai ajiye irin wannan mutum a benci matuƙar ya ce zai iya. Ko ma wanne ne, a tuna cewa babu kwantiragin da ya tilasta masa, babu kuma ladan da zai ƙaru a aljihunsa. Lafiyar ƙafarsa ta sauran rayuwa ya jefa a caca, saboda suna da kuma mutanen da zai haɗu da su a kanti da majami'a washegari. A nan ake ganin kyan wannan tsari da kuma nauyinsa: ɗan wasan da ake biya zai iya sauya gari in abu ya ɓaci, ɗan harlin kuwa ba shi da inda za shi.

Da yawa sun ɗauka ta ƙare masa, ga shekara 31, ga gwiwa mai tabo. Amma a 2011 ya dawo, suka rama wa Tipperary, ya kamo Ring da John Doyle na Tipperary a kofi takwas.

Maki ɗaya

Masu bin wasan sukan ce in kana son sanin Shefflin, ka kalli wasan ƙarshe na 2012 da Galway. An tafi hutun rabin lokaci Galway na gaba, Kilkenny ta rikice. Da aka dawo sai ya koma tsakiyar masu kai hari ya ɗauki ƙungiyar a kafaɗarsa, har aka yi kunnen doki. Saura 'yan mintoci aka ba su fanareti. Kowa ya zaci zai nemi raga kamar 2009. Sai ya ɗaga ta sama ya karɓi maki ɗaya tabbatacce, ya bar uku da ba shi da tabbas a kansu. A daƙiƙun ƙarshe Joe Canning na Galway ya farke, aka tashi 19 da 19, canjaras na farko a wasan ƙarshe tun 1959.

Ya sha suka a makonnin da suka biyo baya, ana cewa tsoro ya ji. Lissafinsa dai a fili yake: in mai tsaron gida ya tare, Galway za ta samu ƙarfin gwiwa da ƙwallo a hannu, shi kuwa maki ɗaya ya sa su gaba. Da aka sake wasan a ƙarshen Satumba, Kilkenny ta yi nasara da tazarar maki goma sha ɗaya. A shekarar aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa karo na uku, bayan 2002 da 2006.

Daga fili zuwa benci

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. A 2013 rauni a ƙafa ya hana shi yawancin wasanni, kuma a karawa da Cork a Thurles aka kore shi da katin gargaɗi biyu. Daga baya an soke korar, amma aikin gama ya gama, an riga an fitar da Kilkenny. A 2014 Cody, wanda bai san sani ko sabo ba a wajen zaɓen 'yan wasa, ya mayar da shi benci. Mutumin da aka gina ƙungiya a kansa shekara goma sha biyar ya koma jiran a kira shi a mintocin ƙarshe, kuma ba a ji ya fito ya yi ƙorafi ba.

Wasan ƙarshe na shekarar, da Tipperary, an tashi 31 da 31, bayan na'urar tantance maki ta nuna bugun ƙarshe na John O'Dwyer ya kauce da ƙiris. Da aka sake, Kilkenny ta ci 23 da 20. A duka biyun daga benci Shefflin ya shigo. Haka kofi na goma ya zo masa, a hannun yaran da suka taso suna kallonsa.

Abokan tafiyarsa irin su Tommy Walsh da J.J. Delaney suka yi ritaya kafin ƙarshen shekarar. Shi bai ce uffan ba, domin akwai sauran aiki a gida: Ballyhale tana cikin gasar ƙungiyoyin ƙauyuka. Ranar 17 ga Maris, 2015, ranar bikin ƙasa ta Ailan, suka doke Kilmallock a Croke Park, ya ci wannan kofi karo na uku bayan 2007 da 2010. Kwana takwas bayan nan ya kira 'yan jarida. Zai iya ƙara shekara ɗaya a benci, kuma da ya yi haka da ya samu na goma sha ɗaya, domin Kilkenny ta sake cin kofin a Satumbar 2015 ba tare da shi ba. Ya zaɓi ya sauka da ƙafarsa, ranar da kofin gunduma da na ƙauye duk suke hannunsa.

Abin da ya bari

In ana maganar alƙaluma, ga su: kofin ƙasa 10, kofin lardin Leinster 13, shiga jerin gwanayen shekara sau 11, da maki 565 a wasa 71 na gasar, wanda ya sa ya wuce Eddie Keher na Kilkenny ya zama wanda ya fi kowa cin maki a tarihi. Sai dai sarki goma zamani goma. A 2021 Joe Canning ya karya wannan tarihi na maki, bayansa Patrick Horgan na Cork da T.J. Reid su ma suka wuce. Shi Reid ɗin ɗan Ballyhale ne, wanda ya gaji Shefflin a bugun tazara a ƙauye da gunduma.

Bayan ritaya ya yi sharhin wasa a gidan talabijin na ƙasa, RTÉ, sannan ya karɓi horar da ƙungiyar ƙauyensu. A shekara biyu ya ci kofin ƙasa na ƙauyuka sau biyu, 2019 da 2020. Cikin yaran da suka fito a hannunsa akwai Adrian Mullen da Eoin Cody, ɗan 'yar'uwarsa, waɗanda daga baya suka zama ginshiƙan Kilkenny. Ballyhale ta ƙara a 2023, ya zama tara ke nan, babu ƙungiyar da ta kai ta.

Amma tarihinsa bai tafi sumul ba. A watan Oktoba na 2021 ya karɓi aikin horar da Galway, abin da ya girgiza Kilkenny. Koci yana da 'yancin zuwa wata gunduma, amma ganin Sarki Henry yana shirya yadda za a kayar da masu riga baƙi da ruwan ɗorawa ya yi wa mutanensa ɗaci. A watan Mayu na 2022, bayan Galway ta doke Kilkenny da maki ɗaya, shi da Cody suka gaisa a tsakiyar fili, gaisuwar da babu fara'a a cikinta, aka yi ta nuna hoton ana tsokaci. A ƙarshe Kilkenny ta doke shi a wasan ƙarshe na Leinster a 2022 da 2023, Limerick ta tare shi a wasan dab da na ƙarshe na ƙasa a shekarun biyu, kuma a 2024 ya ajiye aikin ba tare da ya kai Galway ga kofin ƙasa ba. Abin da ya yi aiki a Ballyhale, inda ya san uban kowane yaro da gonarsu, bai ɗauku zuwa wani wuri cikin sauƙi ba.

Ita ma Kilkenny, duk da kofi 36 da ta tara fiye da kowace gunduma, ta ɗanɗana rashin su Shefflin. Bayan 2015 ta sha kashi a wasan ƙarshe a 2016 da 2019 da 2022 da 2023. Kofi na biyar a jere da ya kuɓuce mata a 2010 kuwa ya gagari kowa: Limerick ta ci huɗu daga 2020 zuwa 2023, Cork ta tare ta a 2024.

A 2018 hukumar UNESCO ta sa harlin cikin jerin al'adun da bil'adama ya gada. Takarda ce mai daraja, amma abin da ya riƙe wasan tun 1884 shi ne gwani ba ya ɓacewa daga idon yaran ƙauyensu. Shefflin ya taso yana ganin 'ya'yan gidan Fennelly a kan hanya da filin atisaye, Reid ya taso yana ganin Shefflin, su Eoin Cody suka taso suna ganin Reid. An riga an wuce shi a yawan maki, wata rana ma wataƙila a kamo shi a kofi goma. In hakan ta faru, ba abin mamaki ba ne a tarar wanda ya yi ɗin ɗan Ballyhale ne.